Dogon Kai da Barewarsa

Tun da na dawo daga Japon ban ci tuwo da zafinsa ba. Da na sa hannu a kwano sai in ji sallama, wata ta shigo da goyo, ta gyara zama, ta ce, "Madam Rabi, wai da gaske ɗanyen kifi suke ci?" Ranar foyandinmu kuwa, wato taronmu na mata, ba a tattauna komai ba sai ni. Har matan da ke zuwa awo, ina taɓa ciki suna tambayata ko Japon gaba take da Makka ko baya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in ci abincina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce saj-fam, wato ungozomar gwamnati, a likitar Korgom, ɗan asibitin garinmu. Wata safiya majo, shugaban likitarmu, ya kira ni biro, ofishinsa, ya ce sunana ya fito cikin masu zuwa estaj, wato horo, na mako uku a Japon, kan kula da masu juna biyu. Na ce, "Majo, Japon ta motoci?" Ya ce ita fa. Maigidana, Malam, shi ne na'ibin limamin unguwarmu. Da na gaya masa sai ya shafa gemu, ya ce, "Tahi, neman ilimi ne. Amma ki riƙe salla, ki riƙe bakinki." Sallar dai na riƙe.

Na cika baliz da abin da mai hankali zai ɗauka in za shi inda bai san tukunyar kowa ba: kilishi, yaji, garin kuka, daudawa, da sabuwar butata ta roba mai ratsin kore da fari. Mai kabu-kabu ya ɗaure baliz a bayan moto, na hau, muka nufi Tasawa. Ƙarshen damina ne. Ba mu yi nisa ba moton ya nutse cikin laka ya mutu, mai shi ya yi ta bugunsa da ƙafa har takalminsa ya tsinke. Wani mai amalanken shanu ne ya tausaya mini. Haka na fara tafiyar Japon zaune kan buhun gujiya, da paspor a cikin zane. Mai amalanken ya ce, "Hajiya, ina za a?" Na ce Japon. Ya dubi shanunsa, ya dube ni, ya ce, "Ni dai iyakata bakin titi."

Daga Tasawa na shiga babbar mota, ta Maradi har Yamai, wuni guda cur. Daga Yamai jirgi, aka sauke mu wata ƙasa, aka sake zuba mu cikin wani. Ba zan ce muku ga kwana nawa muka yi a sama ba, domin rana ta rikice mini. Na yi salloli dai bisa kujera, na ce Allah ya san lissafinsa ya fi ni.

A filin jirginsu wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna gaban baliz ɗina ya ƙi tashi. Na ce masa "Kai!" bai ji Hausa ba. Sai ga ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da farar safar hannu. Ya buɗe baliz, ya fiddo kilishina, ya nuna mini hoton nama da jan layi a kai, sannan ya rusuna. Ni kuma ganin namiji mai kaki ya rusuna mini, sai na durƙusa. Ganin na durƙusa sai ya ƙara duƙawa. Na ƙara yin ƙasa. Da ba don wata mata ta iso da gudu ba, da a kwance za a same mu mu biyu. Ita ce Madam Yuko, ma'aikaciyar jinya da aka haɗa mu da ita, ta taɓa aiki a ƙasashenmu, tana jin Faransanci sosai.

Kilishi dai ya tafi. Daudawa kuwa da ɗan duwan ya kwance ƙullin ya shinshina, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, ya gyaɗa kai kamar wanda ya tuna kakarsa, suka mayar mini. Sai buta. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce wa Madam Yuko ta tambaye ni ko ta shayi ce. Ta yaya zan yi bayanin buta gaban maza biyu? Na haɗe fuska na ce, "Medikal." Ya rusuna ya ajiye ta a hankali.

Tun a mota na ji Madam Yuko tana ce mini Rabi-san. A otel ma Rabi-san. Gabana ya faɗi, domin sunan Malam, wanda bakina ba ya faɗa amma bik, alƙalamina, ba ya jin kunyar rubutawa, Sani ne. Na ce lalle mutanen nan sun yi bincike, har sun san ni Rabin Sani ce. Kwana biyu ina tafiya a takure kafin in gane kowa ma san ne a ƙasar, har direba.

Ɗakin otel ɗin bai fi rumbun hatsi ba, amma makewayinsa ya isa a ba shi labari shi kaɗai. Da ka shiga murfi zai ɗaga kansa kamar yana gaishe ka. Wurin zama da ɗumi, na zaci wani ne ya tashi yanzu, na duba bayan ƙofa. Ga madannai jere a gefe. Na taɓa ɗaya don in gani, ina tsaye, sai ruwa ya harbo ya same ni a goshi. Daga baya muka saba. Buta ce mai lantarki, ba wani abu ba.

Aikin da ya kai ni ba zan cika ku da shi ba. Na ga asibitoci fes, na koyi abubuwa masu amfani, wasu har mun fara su a likitarmu. Abu ɗaya ya ba ni mamaki: ga gadaje, ga na'urori, amma jarirai ƙalilan. Ɗakin haihuwa shiru kamar masallaci da hantsi.

A mako na biyu aka raba mu gidajen mutane, kowa ya kwana uku ya ga zaman ƙauye. Ni da Madam Yuko muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari cikin duwatsu, gidan wani tsoho, Baba Morita, da matarsa wadda na riƙa kira Inna. Dukansu sun tsufa tukuf, amma Inna ta fi ni saurin tashi daga zaune. Nan ne na fara jin kamar ina gida: takalmi a ƙofa, zama a tabarma, kwana a ƙasa. Da safe Inna ta kawo shinkafa da wani wake mai wari da yauƙi, tana kallona da fargaba, wai baƙi gudunsa suke. Na shinshina na ce, "Ai wannan daudawa ce da ba ta ƙarasa ba!" Na barbaɗa yaji na cinye da cokali, don ƴan tsinkayen cin abincin nan nasu sun riga sun kunyata ni a otel. Baba ya ce a ɗanɗana masa yajin. Ya lasa, ya yi jawur, ya sha ruwa kofi biyu, ya miƙo kwanonsa a ƙara.

Da azahar na nemi butata a bakin makewayi inda na ajiye ta, babu. Na shiga falo, sai ga ta a wurin da ya fi ko'ina daraja a gidan, wani ɗan lungu da suke ƙawatawa, an shimfiɗa mata ƙyalle, an soka furanni uku a bakinta. Inna tana gefe tana murmushi. Ta ɗauka kado ne, wato tsaraba, na kawo na ji kunyar miƙawa. Na ja Madam Yuko gefe na raɗa mata aikin buta. Ta rufe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ta ce, "Rabi-san, wannan ba zan fassara ba ko za a kore ni daga aiki." Butar tana can har yau. Da kofi na ƙarasa alwalata.

Bayan gidan akwai ɗakin aikin Baba. Da na shiga na ga alluna jingine da bango, baƙi ƙirin da tawada, ga ƙamshinta, sai na ce, "Ashe Baba malami ne! Ana wankewa a sha?" Madam Yuko ta fassara, ta ƙara da bayanin rubutun sha. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe sana'arsa buga hoto da katako. Zai sassaƙa zane a jikin allo, ya shafa launi da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani abu kamar ƙaramin faifai. In ya ɗaga sai ka ga zanen ya hau. Kowane launi da nasa allon, hoto ɗaya sai ya ci allo goma. Wurin ubansa ya gada, shi ma wurin nasa uban.

Jin maganar gado, da kuma ganin hotunan wasu tsofaffi jere a bango, sai na ɗauka danginsa ne. Na matsa in gaishe su da ido. Na farko wani dattijo ne mai farin gemu da sanda, barewa tsaye kusa da shi, ya ɗora mata hannu a gadon baya. Amma kansa! Jama'a, kan nan ya yi tsawon turmi, santal, ba gashi ko ɗaya. Ni kuwa kun san aikina. Ban san sa'ad da na dafe ƙirji ba.

Na ce, "Madam Yuko, ki gaya wa Baba ina yi wa mahaifiyar bawan Allahn nan sannu. Na san abin da ta gani. Ni da na hango wannan kai yana tahowa a Korgom, ambilans zan kira a wuce Tasawa."

Madam Yuko ta buɗe baki za ta yi magana, ban ba ta fili ba, na riga na wuce na biyu. Wani ƙato ne mai tumbi a waje, ya jingina da buhu yana dariya. Na ce wannan a auna masa tansiyo, ko yana da hawan jini, kuma da mace ce da na ce tagwaye ne, wata tara. Na uku ya rungume jan kifi kamar jariri. Na huɗu yana tsaye kan buhunan shinkafa, ɓeraye na ɓarna a ƙafarsa, shi kuwa sai fara'a. Na ce a garinmu mutum ɓera na cin hatsinsa yana dariya, addu'a ake nema masa. Akwai mace guda mai kiɗa wani abu kamar gurmi, ita kaɗai na ga lafiyarta lau. Da na gama zagaye sai tausayi ya kama ni, dangi guda kowa da lalurarsa. Na ɗaga hannu na yi musu addu'ar samun rahama, na shafa.

Sai a lokacin Madam Yuko ta samu ta ce, "Rabi-san, ba danginsa ba ne. Allolin sa'a ne. Su bakwai ne. Mai tumbin na wadar zuci, mai kifin da mai shinkafar na arziki, mai dogon kan nan kuma na tsawon rai."

Na ce, "Na'am?"

Ta maimaita, har da sunayensu, waɗanda harshena ya ƙi ɗauka. Ta ce wasu sun yarda da su, wasu al'ada ce kawai, da sabuwar shekara a sa hotonsu ƙarƙashin matashi don a yi mafarki mai kyau. Ni dai ban ƙara jin sauran ba. Matar na'ibi guda, na ƙetare duniya na zo na yi wa gumaka addu'a, har da shafawa! Na yi ta istigfari a zuci, ina goge tafin hannuna da zane kamar zai fita.

Ban gama farfaɗowa ba Baba ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, ya riƙe da hannu biyu, ya rusuna ya miƙo mini. Dogon Kai ne da barewarsa, sabo fil, launukan kamar su yi magana. Ya yi jawabi a hankali, Madam Yuko na fassarawa. Wai tun da aka gaya masa ungozoma za ta sauka gidansa ya fiddo allunan, ya yi kwanaki yana bugawa har ya samu wanda ya gamshe shi. Wai garinsu an daɗe ba a ji kukan jariri ba, makarantar ma an rufe. Hannun da ke karɓar jarirai, in ji shi, ya kamata ya daɗe a duniya.

Na mayar da hannuwana baya. Na ce a ba ni zuwa anjima, wai hannuna da maiƙo. Na fita bayan gida ina saƙe-saƙe. Na ce in karɓa mana, in bar shi a jirgin ƙasa. Sai na tuna ƙasar nan ba a iya yar da abu: tsohon silifas ɗina da na jefar a otel, sai da aka biyo ni da shi cikin leda, an goge. Dogon Kai kam har Korgom za su kawo mini shi.

Bayan la'asar na kira Malam ta bidiyo. Can gida safiya ce, yana shan kunu. Na zayyana masa komai, ban da addu'ar. Na lallaɓa na nuna masa hoton ta taga. Ya kusanto da fuska, sannan ya ce, "Wanga wace hula ke shiga kansa?" Ya yi dariya har kunu ya zuba. Da ya natsu sai ya ce, "Ba ya shiga gidana, Rabi, kin sani. Amma kar ki amsa ki yar, wannan cin amanar tsoho ne. Hwaɗa mishi gaskiya, da ladabi."

Na koma na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, tun da nake ba a taɓa yi mini kyautar da ta kai wannan ba. Amma ni Allah ɗaya na sani, shi ke ba da rai, shi ke ba da tsawonsa. In na kai wannan ɗakina na saɓa masa, in na karɓa na ɓoye kuma na yaudare ka. Ka yafe mini."

Madam Yuko ta daɗe tana fassara, ta fi ni tsawon magana sau uku, tana yi tana duƙawa. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya mayar da takardar aljihun tebur, ya rusuna, ya fita. Inna ta hau goge teburin da ba shi da datti. Ranar ko yajin bai ba ni sha'awar abinci ba. Na ci nasu, na kwana ɗakinsu, na zagi allolinsu da tansiyo, sannan na mayar wa tsoho kyautarsa.

Da safe, ranar da za mu tafi, Baba ya leƙo da tabarau a goshi, ya yi tambaya ɗaya. Madam Yuko ta ce, "Wai barewar fa? Ita ma an hana?"

Na ce, "Barewa ba ta yi wa kowa laifi ba."

Ya yafuto ni ɗakin aiki. Ashe tun da sassafe ya yanka wata takarda daidai jikin Dogon Kai, ya rufe shi a kan allo, barewa kaɗai ta rage a fili. Ya ɗaura mini ƙyalle a ƙugu, ya ba ni burushi, ya ce ni zan buga da hannuna. Na shafa, na ɗora takarda, na murza faifan nan da ƙarfin mai tuƙa tuwon suna. Ya ce a hankali. Allo bayan allo, launi bayan launi, har muka ɗaga. Ga barewa ta fito, kyakkyawa, ido kamar an sa mata kwalli. A gadon bayanta kuma ga yatsu biyar kwance, ba dantse, ba mutum.

Baba ya sosa ƙeya. Hannun a jikin barewar aka sassaƙa shi, in an rufe shi sai bayanta ya fito da rami. Muka sake, rami. Muka sake, yatsu. Inna da ke bakin ƙofa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ƙarshe Baba ya zaɓi mai yatsun, ya buga jan hatiminsa a gefe, ya miƙo da hannu biyu. Wannan karon na karɓa da hannu biyu, ina hawaye, ban ma san na mene ne ba. A tasha Inna ta riƙe tafin hannuna tana shafawa har jirgi ya iso.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na iso Korgom da moton da bai mutu ba. Bayan an watse daga sannu da zuwa na warware takardar gaban Malam. Ya sa tabarau. Inna Jumma, Bafillatanar da ke kawo mana nono, tana tsakar gida, ta leƙo ta ce akuyar nan ta samu kiwo, amma ƙahonta na da ciwo, ya yi rassa.

Malam ya ce, "Barewar dai na gani. Hannun wa ne?"

Na ce, "Na mai ita."

"To ai mai ita muka ce ba ya shiga."

"Malam, hannu ne kawai."

"Yau hannu. Gobe mu tashi mu ga kai ya leƙo, ina muka ga rufin da za ya ɗauke shi?"

Na dube shi, ya dube ni, gemunsa na motsi don dariyar da yake dannewa, amma na san maganar har cikin ransa take. Sai na jawo jakar aikina. Na yanko sparadara, wadda muke liƙe bandeji da ita, na manna a kan yatsun, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, tsaf yadda nake wa mai rauni. Malam ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya ce, "To, yanzu ta zama majinyaciya. A rataye ta."

Tana nan a bangon ɗakina. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya ta ce, "Wayyo, mi ya same ta?" Wasu har sannu suke mata. Na ɗauki hotonta na aika wa Madam Yuko, na roƙe ta ta nuna wa Baba in ta ga ba zai ji haushi ba. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Wai Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a gaya wa Rabi-san barewar nan tun zamanin kakansa take tsaye ba wanda ya taɓa duba lafiyarta, yana godiya, kuma don Allah a riƙa canja mata bandejin.